Me ya sa awon fili ke karkacewa idan an yi nisa da na'urar tushe?

Tambaya: Ina aikin safiyo, kuma na lura cewa idan na kafa na'urar tushe (na'urar GPS da ake girkewa a wuri guda domin ta riƙa gyara awon ta hannu) a kusa, awona ba ya kaucewa da fiye da santimita biyu, amma da zarar na yi nisan kilomita talatin sai lambobin su fara rawa. Mene ne dalili, kuma akwai magani? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, na'urarka ba ta da laifi. Taurarin GPS suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200, kuma kafin saƙonsu ya iso ƙasa sai ya ratsa wani sashe na sama mai cike da ƙwayoyin lantarki, sannan ya ratsa iska mai danshi, kowanne kuwa yana jinkirta shi. Wannan jinkiri, haɗe da ɗan kuskuren agogon tauraron da na hanyar da yake bi, shi ke sa wayar hannu ta kauce da mita uku zuwa biyar. Na'urar tushe, da yake an san ainihin inda take, tana auna kuskuren ta aika wa ta hannunka domin ta cire shi. Dabarar tana ci ne muddin yanayin saman da ke kanku ɗaya ne, amma idan tazara ta yi yawa, gyaran da take aiko maka na wurinta ne, bai dace da naka ba.

Maganin shi ne jerin tashoshi na dindindin, galibi masu tazarar kilomita 50 zuwa 70, waɗanda ke aika bayanansu kowace daƙiƙa zuwa cibiya guda. Kwamfutar cibiyar tana kwatanta su, ta gano yadda kuskuren ke sauyawa daga wuri zuwa wuri, sannan ta lissafa maka gyara kamar akwai tasha a gefen ƙafarka, ta turo ta intanet. Haka tsarin SAPOS na Jamus yake aiki. Japan kuwa tana da tashoshi kusan 1,300.

A Najeriya, ofishin Safiyo-Janar na Tarayya ya fara kafa irin waɗannan tashoshi a 2008 da sunan NIGNET, har da guda a Jami'ar Ahmadu Bello da ke garinku. Sai dai ɗaruruwan kilomita ne tsakanin yawancinsu, abin da ya yi yawa ga awon santimita nan take, ko da yake suna da amfani wajen gyara awo daga baya a ofis.

Saboda haka shawarata ita ce kada ka wuce kilomita goma zuwa sha biyar daga tushenka, ka matsar da shi idan aiki ya yi nisa. Ka kuma guji awo bayan magariba, domin a yankinmu sashen nan mai lantarki yakan hargitse bayan faɗuwar rana, har saƙon taurarin ya riƙa yankewa.