Kushin ɗin iska, na soso ko sabon keke? Amsoshinku kan ciwon zama ga masu ciwon laka

Salamu alaikum jama'a. Saƙonni uku zan ɗauka yau kuma duk a kan azabar zama a keken guragu suke, ni kaina a kan keken nake wannan rubutun shekara da shekaru kenan tun hatsarin da na yi, toh abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Na farko daga wata baiwar Allah ne a Agege. Ta ce maigidanta ya yi hatsarin mota shekara 2 da suka wuce, laka ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya ji sosai, yanzu yana zaman shagon POS tun safe har magariba, idan ya dawo ba ya iya bacci don ciwon mazaunai da ƙasan baya. 'Yan'uwa sun haɗa kuɗi, shin sabon keke za a saya, ko kushin ɗin ROHO da aka ba ta labari, ko a yanko soso wajen masu katifa?

Hajiya Allah ya saka miki da alheri, shi kuma Allah ya ƙara masa lafiya. Kafin ki fitar da ko kwabo ki fara duba keken da yake kai. Yawancin kekunan da ake samu a shagunan kayan asibiti na Idumota da na kewayen asibitin koyarwa na LUTH irin masu naɗewa ne da mazaunin leda, waɗannan an yi su ne don a tura mara lafiya daga ɗaki zuwa wajen ɗaukar hoto a dawo da shi, ba don mutum ya wuni a kai awa 10 ba. Bayan 'yan watanni ledar sai ta lotsa kamar lilo, gwiwoyi su haɗe, ƙugu ya karkace, nauyin jiki gaba ɗaya ya taru a kan ƙasusuwa biyun nan da ake zama a kansu. Maganin wannan ba shi da tsada, ki sa kafinta ya yanko filawud daidai faɗin mazaunin ya goge gefensa ya yi sumul, a ɗora kushin a kai. Sannan ki duba matakin ƙafa, in ya yi sama da yawa gwiwa za ta ɗago cinya ta daina ɗaukar kaya, ana so cinyar ta kwanta luf a kan kushin, kuma tsakanin bakin kushin da bayan gwiwa yatsu biyu zuwa uku su shiga. Wallahi na ga mutanen da sauke matakin ƙafa kawai ya rage musu ciwon da suka yi wata da watanni suna fama da shi.

Toh yanzu kushin. ROHO a Amurka ake yin sa, roba ce mai 'yan ƙwayoyin iska a jere kamar kiret ɗin ƙwai, mutum yana nutsewa a ciki sai nauyin ya bazu ko'ina, kuma a ganina ga wanda ba ya jin mazaunansa kuma yana daɗewa a zaune, shi ne ya fi kare fata. Amma fa yana da sharaɗi. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne a bunƙa masa iska ya yi tauri kamar tayar Keke Napep, in aka yi haka an yi asarar kuɗin. Ana cika shi, ya hau ya zauna, sai a dinga sakin iskar a hankali ke kuma hannunki na ƙarƙashin ƙashin mazaunin, har sai abin da ya rage tsakanin ƙashin da ƙasan kushin bai wuce rabin inci zuwa inci 1 ba, sai a rufe. Kuma kullum da safe sai an taɓa an ji, don yana hujewa, in ya sace yana cikin gosulo a titin Ikorodu shi ba zai ji ba, zai zauna ne a kan katako awa biyu ko uku, kuma wannan ya isa ya buɗe gyambo. Ki tabbata an haɗo miki da famfonsa da kayan faci da rigarsa. Akwai jabu da yawa a intanet, in kika ga arha ta yi yawa ki ja baya.

Akwai kuma irin kushin ɗin da ake kira Jay, ƙasansu soso ne mai tauri da aka yi wa gurbi, samansu jaka ce mai wani abu kamar kitse, ba ya hujewa kamar na iska kuma ya fi daɗin sauka da hawa don ba ya rawa, sai dai yana da nauyi kuma sai an dinga murza shi ana dawo da shi tsakiya kafin a zauna. Soson masu katifa kuwa, falle ɗaya shimfiɗaɗɗe gaskiya ba na ba da shawararsa, nan da nan yake mutuwa ƙashi ya taɓo ƙasa, ga shi yana shan gumi da fitsari, kin dai san zafi da danshin Legas. In soso ne ƙarfinku, a yi hawa biyu, mai tauri a ƙasa da gurbi daidai ƙasusuwan, mai laushi a sama, kuma a sa rai za a canza shi cikin shekara ko ƙasa da haka.

Shawarata a taƙaice, kuɗin nan su fara tafiya kan kushin mai kyau, keken a gyara shi tukuna. Ku je da keken ɓangaren fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi, a asibitin ƙashi na Igbobi ko asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja tunda ta fi muku kusa, su auna faɗinsa, inci 16 ne ko 18, kafin a saya. Kuma dan Allah ki faɗa masa daga gare ni, babu kushin ɗin da zai ɗauke masa aikin motsawa. Duk minti 15 zuwa 30 ya ja birki ya sunkuyo ƙirji wajen gwiwa, ko ya jingina gefe ɗaya sannan ɗayan, ya daɗe kamar minti 2, ɗagawar daƙiƙa biyar ba ta isa jini ya dawo ba. Ya sa alam a waya. In zai yiwu a ajiye benci da 'yar katifa a bayan shagon, bayan azahar ya kwanta ta gefe rabin awa. Waya ko kuɗi a aljihun baya, wandon jins mai kaurin ɗinki, kaftanin da ya tattare a ƙarƙashinsa, duk suna cin fata. Safe da dare a duba wajen da madubi ko kyamarar waya, kuma mu baƙaƙen fata kar ki jira ganin ja, wajen zai ƙara duhu ne ko ya yi ɗumi ko tauri, in bai koma daidai ba bayan rabin awa da sauka toh ya haƙura da zama a kansa har ya warware. Kar a shafa man zafi, kar a gasa da ruwan zafi, zai ƙone bai sani ba.

Na biyu wani matashi ne daga Idi-Araba, ya ce ko an tsunkule shi ba ya ji amma ƙafafunsa da mazaunansa suna ci kamar an zuba barkono, wani sa'in kamar jan lantarki, ya sayi kushin har uku babu sauƙi, yanzu taramol yake karɓa a kemis, wane kushin zai ƙara saya?

Ƙanena kar ka ƙara sayen kushin saboda wannan. Abin da ka kwatanta ciwon jijiya ne, daga lakar da ta ji rauni saƙon yake fitowa, kuma ciwo ne na gaske ko da mutanen gida suna ganin kamar raki ne. Magungunan da likitoci suke fara gwadawa su ne pregabalin, gabapentin ko amitriptyline, ana farawa da kaɗan a dinga ƙarawa, suna ɗaukar makonni kafin a ga aikinsu, suna sa jiri da bacci, kuma ba a yanke su lokaci ɗaya, don haka likita ne zai rubuta ya dinga bibiya, ga LUTH nan kusa da kai. Taramol ɗin kemis ina roƙonka ka je ka faɗa wa likita gaskiyar yawan da kake sha a taimaka maka ka sauka a hankali, yana kama mutum, yana ƙara taurin bayan gida wanda dama muna fama da shi, kuma in ya yi yawa yana kawo jijjiga. Ranar da ka ji zafin ya tashi fiye da kullum ka bincika, sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko robar fitsari ta toshe, ko bayan gida ya taru, ko gyambo na shirin fitowa. In kuma rauninka daga T6 ne, wato gaɓar ƙashin baya da ke saitin tsakiyar ƙirji, zuwa sama, ka ji ciwon kai mai sara da gumi a fuska da toshewar hanci, wannan jini ne ya hau farat ɗaya, ka zauna a miƙe, a sassauta kaya, a duba robar, in bai sauka ba a tafi asibiti a lokacin.

Na uku wani dattijo ne daga Obalende, yana tambaya kan kushin ɗin nan mai rami a tsakiya kamar taya, da kuma kushin ɗin gwanjo, don ɗansa. Baba, mai ramin nan a bar shi, zoben yana danne fata a kewaye ya hana jini zuwa tsakiya, ga masu ciwon laka illarsa ta fi amfaninsa. Gwanjo kuma in na iska ne babu laifi, a hura shi a tsoma a baho kamar yadda mai faci yake yi wa tib, in babu kumfa a wanke da sabulu a saya, amma soso na hannu kar a karɓa ko kyauta ne. Sannan Baba ku kai yaron ya yi rajista da LASODA a Alausa, hukumar da jihar Legas ta kafa don masu buƙata ta musamman, kuma ku leƙa cibiyar ƙungiyar masu ciwon laka ta Najeriya da ke Amuwo Odofin, a can zai haɗu da waɗanda suka daɗe a keke, ya ga irin kushin ɗin da kowa yake kai da idonsa kafin ku cire kuɗi.