Na haɗa rahoton ciniki mai zane-zane, amma maigidana ba ya duba shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfanin sari da ke raba kayan masarufi, muna da rassa huɗu. Kowane reshe yana turo cinikinsa a Excel duk ƙarshen mako, ni kuma na koyi Power BI, manhajar da ke mayar da alƙaluma zane-zane, na haɗa rahoto mai zane goma sha huɗu a shafi ɗaya. Amma Alhajin da ke da kamfanin ba ya buɗe shi, har yanzu waya yake bugo mini yana tambayar abin da ke ciki, kuma jimillar cinikin da nake fitarwa ba ta taɓa yin daidai da ta akanta ba. Wane irin zane zan ƙara don rahoton ya burge shi? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ba ƙarin zane kake bukata ba, ragewa za ka yi. Kafin ma a zo nan, saɓanin da ke tsakaninka da akanta ya kamata ka fara magancewa, domin ɗan kasuwar da ya taɓa ganin alƙaluma biyu a kan ciniki ɗaya zai yarda ne da wanda ya saba da shi, kuma kyan launi ba zai dawo da shi ba.

Galibi irin wannan saɓani ba kuskuren lissafi ba ne, bambancin ma'ana ne, kamar mutum biyu da suka auna buhu ɗaya kowa da nasa mudun. Ka zauna da akanta ku tantance abin da kowannenku yake nufi da ciniki. Shin kayan da aka bayar bashi suna shiga tun ranar da suka bar sito, ko sai ranar da kuɗin ya shigo? Kayan da abokin ciniki ya maido ana cire su daga watan da aka sayar, ko daga watan da aka maido? Rangwame fa, da harajin VAT? Akwai kuma wanda ya fi yawan rikita kamfani mai rassa, wato kayan da wani reshe ya tura wa wani reshe, waɗanda sau da yawa ake rubuta su a matsayin ciniki, sai a ƙirga su sau biyu. Duk abin da kuka tsayar ku rubuta shi a jimla ɗaya, ka ajiye shi a shafin ƙarshe na rahoton. Daga nan ka ɗauki reshe ɗaya da mako ɗaya, ka bi su rasit bayan rasit har sai jimillarku ta haɗu. Aiki ne mai gajiyarwa, amma sau ɗaya ake yin sa.

Sai tsaftar bayanan. Tunda mutum huɗu ne ke cike fayilolin, kusan tabbas sunan kaya ɗaya yana fitowa da rubutu iri-iri, wani ya saka nauyin buhu wani bai saka ba, manhajar kuwa za ta ɗauke su a matsayin kaya daban-daban. Kwanan wata ya fi wannan haɗari, saboda kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka tana karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris, alhali mai rubutawa 3 ga Afrilu yake nufi, kuma ba za ta yi maka gargaɗi ba. Kada ka riƙa gyara waɗannan da hannu kowane mako. Power Query, wanda ke cikin Power BI da Excel duka, yana riƙe matakan gyaran da ka yi ya maimaita su a kan kowane sabon fayil, yana kuma iya haɗa duk fayilolin da ke cikin folda ɗaya. Sharaɗinsa shi ne rassan su yi amfani da samfuri ɗaya: layi ɗaya ga kowane ciniki, kowane kaya da lambarsa, babu jimilla a tsakiyar teburi.

Bayan haka ka raba bayanan maimakon tara su a ƙaton teburi guda. A tsakiya ka ajiye teburin ciniki, a gefensa kuma ƙananan tebura na kaya, na rassa, na abokan ciniki da na kwanan wata, kowanne a ɗaure da na tsakiyar ta lambarsa. Wannan shi ne tsarin tauraro da masanin tsara bayanai Ralph Kimball ya shahara da yaɗawa, kuma Power BI ya fi sauri da daidaito a kansa. Lissafin riba kuwa ka rubuta shi a matsayin ma'auni na DAX, wato harshen rubuta lissafi a Power BI, kada ka ɗauki matsakaicin kason rassa. Ga dalili: a ce reshe ɗaya ya sayar da kayan naira miliyan 10 da ribar kashi 5 cikin ɗari, wani kuma ya sayar da na miliyan 1 da ribar kashi 15. Matsakaicin 5 da 15 shi ne 10, amma ainihin ribar naira 650,000 ce a kan miliyan 11, wato ƙasa da kashi 6.

Yanzu sai batun Alhaji. Tambayoyin da yake bugo maka waya a kansu su ne tsarin rahotonka, don haka ka rubuta su na tsawon mako biyu ko uku. Zan yi mamaki idan suka wuce huɗu: nawa aka sayar, nawa ke hannun mutane bashi, wane kaya ya kusa ƙarewa, wane reshe ya ja baya. Su kaɗai za su zauna a shafin farko, mafi muhimmanci a sama. Kowane adadi kuma ya zo da abin da za a gwada shi da shi, ko na makon jiya ko abin da aka yi niyyar kaiwa, domin "miliyan 48" shi kaɗai bai faɗa wa kowa ko a yi murna ko a tashi tsaye ba. Haka taken kowane zane ya faɗi abin da aka gano, misali "Bashin da ya haura kwana 30 ya ƙaru a rassa biyu", maimakon "Bashi bisa reshe".

Wajen kwatanta bana da bara akwai abubuwa biyu da darussan da ake koya a intanet ba kasafai suke taɓowa ba, alhali ga kasuwancinku su ne kan gaba. Na farko hauhawar farashi: bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ta haura kashi 30 cikin ɗari a mafi yawan watannin 2024, saboda haka ciniki zai iya ƙaruwa da kashi 20 a naira alhali yawan buhuna da katan-katan da suka fita ya ragu. Ka nuna adadin kaya kusa da adadin kuɗi koyaushe. Na biyu azumi da Sallah, waɗanda ke zuwa da wuri da kusan kwana 11 kowace shekara a kalandar Miladiyya. Ƙaramar Sallah ta faɗo 10 ga Afrilu a 2024, a 2025 kuma 30 ga Maris, don haka wanda ya gwada Afrilu da Afrilu zai ga faɗuwar da ba ta faru ba. Maganin shi ne ka ƙara watan Hijira da alamar azumi a teburin kwanan wata, ta yadda za a iya gwada makon farko na Ramadan da takwaransa na bara.

Zaɓen zane shi ne mafi sauƙi. Binciken da masana ƙididdiga William Cleveland da Robert McGill suka wallafa a 1984 ya nuna cewa ido ya fi iya kwatanta matsayi da tsawo a kan ma'auni ɗaya fiye da kusurwa ko faɗi. Shi ya sa sanduna da aka jera daga babba zuwa ƙarami suka fi da'irar da aka yanyanka wajen kwatanta rassa ko kaya, layi kuma ya fi dacewa da abin da ke sauyawa da lokaci. Da'ira ba laifi ba ce idan kaso biyu ko uku ne, amma mai yanka goma sha biyu ado ce kawai. Sanduna dole su fara daga sifili, domin idan ma'aunin ya fara daga 90, sandar 100 za ta ninka ta 95 tsawo. Inda ake son ainihin adadi, kamar jerin waɗanda ake bi bashi, teburi ya fi kowane zane. Launi kuma ka bar yawancin zanen da ruwan toka, ka keɓe launi ɗaya mai ƙarfi ga abin da ke bukatar mataki, kuma kada ka dogara ga ja da kore kaɗai, tunda akwai mutanen da ba sa bambance su.

Akwai yiwuwar cewa Alhaji ba ya buɗe rahoton ne saboda a waya yake ganin sa, inda zane goma sha huɗu ke zama ɗige-ɗige. Power BI yana da wurin tsara shafi na musamman don waya, amma ka sani cewa Power BI Desktop, wanda ake ɗorawa a kwamfuta, shi ne kyauta, raba rahoto ta intanet kuwa yawanci yana bukatar lasisi ga mai turawa da mai dubawa. Idan kamfanin bai shirya biya ba, fitar da shafin farko a PDF kana tura masa ta WhatsApp kowace safiyar Litinin ya wadatar. A saman shafin ka rubuta ranar da aka sabunta bayanan da sunan duk reshen da bai turo nasa ba a makon, don kada a ɗauki jinkirin turowa a matsayin faɗuwar ciniki.