Amsa ga mai son ɗora VPN a kan rautar gidansa

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka tun da safe, na bari sai na dawo gida na zauna, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce kana da rautar 4G da ka saya a wajen kamfanin layinka, akwai talabijin mai intanet a falo, ga wayoyin iyali ga kwamfutar aikinka, kuma ka gaji da saka manhajar VPN (wadda ke kulle bayananka ta bi da su ta kwamfutar wani kamfani, wato saba, kafin su fita intanet) waya bayan waya, kana so ka ɗora ta a kan rauta sau ɗaya kowa ya samu. Yana yiwuwa, haka gidana yake yau shekara uku ke nan. Sai dai da wuya ta hau rautar da ke hannunka, kuma ba zan ba ka shawarar ka tura gidan kacokan ta cikinta ba.

Ni ma kamar yawancinmu na san VPN ne lokacin da aka rufe Twitter a Nijeriya, daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022. Wancan lokacin manhajar kyauta muke saukewa, mu danna maɓalli ɗaya shi ke nan. Ta rauta ba haka take ba. Rautocin da kamfanonin layi ke sayarwa, irin su ZLT da Huawei, aikinsu su kamo sabis su raba wa gida. Yawancinsu ba su da WireGuard ko OpenVPN, waɗanda su ne manyan hanyoyi biyu da kamfanonin VPN ke aiki da su a yau. In ka shiga saitinta ka ga PPTP kada ka yi murna, tsohuwar hanya ce da aka daɗe da fasa tsaronta. Haka kuma idan ka shiga kasuwa kada kalmar VPN a jikin kwali ta ruɗe ka. Akwai VPN Server, akwai VPN Client. Na farkon na mai son shigowa gidansa daga waje ne. Kai na biyun kake nema, wanda zai sa rautar ta fita ta haɗu da sabar kamfanin VPN a madadin duk na'urorin gidan. Ka sa mai shago ya kunna ta ka gani da idonka kafin ka biya.

Abin da na yi, kuma shi nake gaya wa kowa: kada ka taɓa rautar kamfani, bar ta yadda take. Ka sayo ta biyu, ka ja kebul daga ramin LAN na ta farko zuwa ramin WAN na sabuwar. Ta farko ta kawo intanet, ta biyu ta riƙe VPN. Na GL.iNet sun fi sauƙi ga mai farawa, domin an gina su ne a kan OpenWrt, wata manhajar tafiyar da rauta, kuma sun zo da WireGuard da OpenVPN a shirye. ASUS da yawa suna da shi, wasu daga cikin TP-Link Archer na baya-bayan nan ma haka. In ƙaramar MiFi ce da kai marar ramin kebul, na GL.iNet suna iya karɓar intanet ta USB ko su kamo Wi-Fi ɗinta. Masu Starlink ma hanyar ke nan, don rautarsu ba ta ɗaukar VPN da kanta. Akwai masu goge manhajar tsohuwar rauta su ɗora OpenWrt ko DD-WRT, yana aiki, amma in aka ɗauke wuta ana tsakiyar ɗorawa rautar na iya mutuwa murus. Ba da shi za ka fara ba.

Wajen saye, ƙarfin ƙwaƙwalwar rautar za ka duba, ba yawan eriyarta ba. Duk abin da ya fita daga gidan sai ta kulle shi, duk wanda ya shigo sai ta buɗe, kuma ƙwaƙwalwar rauta ba ta kai ta wayar hannunka ba. Ƙaramar nan ta GL.iNet mai ruwan ɗorawa da ake kira Mango, kamfaninta ya ce iyakarta kusan 11 Mbps a OpenVPN, 45 a WireGuard. Beryl AX, ita ma ta GL.iNet, 150 da 300. Ka ga ratar da ke tsakanin hanyoyin biyu a kan na'ura ɗaya. WireGuard ya fi sauƙin nauyi, tun 2020 aka shigar da shi cikin Linux kansa, kuma yana saurin farfaɗowa idan sabis ya yanke ya dawo, abin da mu nan muke gani kullum. Shi za ka zaɓa muddin kamfanin VPN ɗinka yana bayarwa.

Kafin ka biya kuɗin wata, ka tabbatar kamfanin yana ba da fayil ɗin saiti da za a ɗora a rauta. Mullvad da Proton VPN da Surfshark duk suna bayarwa. Manhajojin kyauta na waya galibi ba su da shi, kuma ni ba zan miƙa zirga-zirgar iyalina gaba ɗaya ga wanda ban san da me yake cin abinci ba. Wani daɗin shi ne rautar a matsayin na'ura ɗaya kamfanin VPN ke ƙirga ta, ko da wayoyi goma ne a bayanta. Ɗorawar kanta ba ta kai minti goma ba: ka sauke fayil ɗin, ka shiga shafin rauta, ka loda, ka kunna. Sai ka buɗe ɗaya daga shafukan da ke nuna adireshin IP, ka ga ko ƙasar ta canza, ka kuma gwada ko DNS, wato tsarin da ke nemo adireshin shafi daga sunansa, yana yoyo ta wajen VPN. Idan sunan kamfanin layinka ya fito a gwajin, yana ganin sunayen shafukan da kuke buɗewa har yanzu, sai ka sa rautar ta yi amfani da DNS ɗin da ke cikin fayil ɗin.

Yanzu ga wuraren da ake tuntuɓe. Rautocin Huawei da na GL.iNet duka da adireshin 192.168.8.1 suke fitowa. In ka haɗa biyu masu adireshi ɗaya, za ka ga Wi-Fi ya kama amma komai ba ya buɗewa. Tun kafin ka ja kebul ka canza na sabuwar zuwa wani abu kamar 192.168.20.1.

Sai wanda ya cinye mini mako guda. VPN ya haɗu, saƙon WhatsApp na tafiya, amma wasu shafukan sai su tsaya rabi, hoto ya ƙi sauka. Girman ƙunshin bayanai ne, abin da ake kira MTU. WireGuard yana farawa da 1420, layin waya kuwa sau da yawa ba ya ɗaukar wannan girman bayan an ƙara masa kullin VPN. Na rage zuwa 1280 a cikin saitin, nan take komai ya miƙe. Kana iya ƙarawa kaɗan-kaɗan daga nan har ka ga inda ya fara tangarɗa, ni dai a nan na bar shi.

Akwai kuma maganar wuta. Ƙananan rautoci yawanci ba su da batirin agogo, idan wuta ta ɗauke ta dawo sai su tashi da tsohon lokaci. Shi kuwa WireGuard yana sa hatimin lokaci a gaisuwarsa da saba, idan sabar ta ga lokacin ya koma baya sai ta ƙi amsawa. Rautar tana buƙatar intanet ta gyara agogo, intanet ɗin kuma yana jiran VPN. Na sha dawowa na tarar an zauna jugum ana cewa data ta ƙare alhali tana nan. Ƙaramin batirin rauta na saya, irin mai 12V da 5V ɗin nan, ya riƙe rautocin biyu, ban ƙara ganin matsalar ba.

Dalilin da ya sa na ce kada ka tura gidan gaba ɗaya: da farko haka na yi, na zaɓi sabar Landan don ita ta fi sauri a wajena. Kwana biyu tsakani uwargida ta je tura kuɗin cefane, manhajar bankinta ta ƙi shiga, daga baya aka dakatar da asusun sai da ta je reshe da katin shaidarta. Ban ga laifinsu ba, sun ga asusun da kullum daga gida ake buɗe shi yau ga shi daga Ingila. Amma ranar ba a ji daɗina a gidan ba, kuma da gaskiyarsu. Netflix ma idan ya gane VPN ne yakan rage finafinan da yake nunawa, Google ya dinga tambayar ko kai mutum ne, kiran bidiyo da ɗan'uwan da ke unguwa ɗaya da kai sai ya zagaya Turai ya dawo. Idan kuma kuna sayen datar nan ta musamman, ta WhatsApp kaɗai ko ta YouTube, ba za ta ci ba, don kamfanin layi ba ya ganin abin da ake buɗewa, daga babbar datarka zai cira. Ita kanta VPN tana ƙara cin data kaɗan, a WireGuard kusan kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari.

To amfanin rauta biyu ke nan. Wi-Fi biyu ne a gidana, na rautar kamfani kai tsaye, na sabuwar ta VPN. Na sa musu suna a fili yadda ko yaro zai gane. Talabijin da kwamfutar aiki suna kan na VPN, wayoyin da ake harkar banki da su suna kan na kai tsaye. Su kansu GL.iNet da ASUS suna barin ka zaɓi na'urar da za ta bi VPN da wadda ba za ta bi ba, amma ga iyali canza Wi-Fi ya fi sauƙin bayani. A kan rauta ta biyun ka kunna saitin da ke yanke intanet idan VPN ya faɗi, in ba haka ba za ta koma hanyar fili shiru ba ka sani ba. Da yake ta farko na nan, ba wanda zai rasa intanet saboda haka.

Ba ka faɗi abin da kake son VPN ɗin ya yi maka ba, kuma amsar na iya canza komai. In don tsare yara daga shafukan banza ne, ba aikinsa ba ne, yana ma iya buɗe abin da ke rufe. DNS mai tacewa kake so, kamar 1.1.1.3 na Cloudflare, kyauta ne, kuma rautoci da yawa suna barin a sa shi. In don ka riƙa leƙa kyamarorin gida daga wajen aiki ne, nan ma hanyar daban ce. Layukan waya da Starlink suna haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya, ba a iya shigowa daga waje kai tsaye, sai da manhaja irin Tailscale mai haɗa na'urorinka da juna ta intanet. In kuwa don kada kamfanin layi ya ga inda kuke shiga ne, ko don aikin da ke buƙatar adireshin wata ƙasa, to ka zo daidai, ka dai sani abin da ka ɓoye wa kamfanin layi kamfanin VPN ka nuna wa, kuma ba zai hana wani a gidan danna mahaɗin 'yan damfara ya ba da lambar katinsa ba.

Ka juya rautarka ka turo mana lambar samfurin da ke ƙasanta, ka rufe kalmar sirri da lambar IMEI kafin ka ɗauki hoton, ka kuma faɗi saurin da kake samu da yamma lokacin da kowa ke gida. Da wannan zan iya ce maka ko ƙarama ta ishe ka ko sai ka ƙara kuɗi.