Amsa ga mai tambaya kan "if" da ɓoye mai aiki

Malam, ka ce kana karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, Larabci ya zauna, amma Turanci na ba ka ciwon kai wajen sharaɗi da jimlar da ake ɓoye mai aiki. Ai nahawun da ka sha ya riga ya share maka hanya.

"The door was opened" shi ne mabniyyun lil majhul, sunan da nahawun Larabci ya ba jimlar da ake ɓoye mai aiki, wato "an buɗe ƙofa". Ka dai kula da siga ta uku ta aikatau, kamar "eaten" a jerin "eat, ate, eaten": "was eaten", ba "was ate" ba.

Sharaɗi ne wurin da nake so ka tsaya. "If I go early, I will find a place" daidai yake da "idan" ɗinmu, abu ne mai yiwuwa. Amma ranar da ka makara, ka tarar sahun gaba ya cika maƙil, sai "If I had gone early, I would have found a place": da na sammaka, da na samu wuri. "Lau" ta Larabci ke nan. Kada ka cusa "would" bayan "if" a nan, ni kaina na daɗe ina wannan kwaɓar.

In ka ga "Had I gone early", ba tambaya ba ce. "If" aka jefar, aka jawo "had" gaba, ma'anar tana nan.