Amsa: Akwai jihar da doka ta tsaya wa masu tarihin gari?

Malam, ka tambaya ko akwai inda gwamnatin jiha ta yi doka don ƙungiyoyin tarihi na gari. Akwai, jihar New York a Amurka. Tun 1919 dokarsu ta wajabta wa kowane birni da gari da ƙauye naɗa mai kula da tarihinsa. Ita kuwa ƙungiyar tarihi, majalisar ilimi ta jihar ce ke ba ta takardar amincewa, kamar yadda take ba makarantu da gidajen tarihi. Da wannan takarda ƙungiyar take neman tallafi.

Amma kada ka ɗauka kuɗi na biyo baya. Dokar ba ta tilasta biyan albashi ba, shi ya sa da yawa daga cikin masu kula da tarihin aikin sa-kai suke yi.