Hukuncin zanen bishiyoyi da koguna da fentin mai

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni haifaffen Mai Wurno ne a bakin kogin Nilul Azraƙ, kudu da Sinnar, a Sudan. A Khartum na koyi zane, kuma da yaƙi ya ɓarke a 2023 na taho Jidda wurin yayana. Sana'ata zane da fentin mai a kan ƙyalle. Abin da nake zanawa shi ne ƙasarmu kamar yadda na san ta: lambunan mangwaro da ayaba na bakin kogi, dajin bagaruwa idan ruwa ya cika ya shige ƙarƙashinsa, goruba da giginya, da hadarin damina in ya haɗo daga gabas. 'Yan'uwanmu mazauna nan ne ke saya su rataya a falo, da shi nake ci nake aika wa mahaifiyata. Kwanakin baya wani abokin yayana ya ce min masu zane su ne mafi tsananin azaba ranar ƙiyama, kuma duk abin da na ci haram ne. Tun ranar ban sake taɓa buroshi ba. Malam, mene ne hukuncin wannan sana'a? Wasu masu saye sukan ce in sa musu masunci a cikin kwalekwale, ko shanu a mashaya, ko balbela. Sannan na ji an ce buroshi mai tauri da muke aiki da shi gashin alade ne. Kuma fenti yakan maƙale min a yatsu, ina kokwanton alwalata.

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, koma ka ɗauki buroshinka. Zanen bishiya da kogi da dutse da gajimare halal ne, sayar da shi halal ne, abin da ka aika wa mahaifiyarka daga cikinsa halal ka ciyar da ita. A kan haka mazhabobin nan huɗu suka tafi.

Hadisin da aka karanta maka ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abdullahi ɗan Mas'ud, kuma babu mai imanin da zai ji shi gabansa bai faɗi ba. Sai dai wanda ya karanta maka bai kai ka ƙarshen babin ba. Tambayar nan taka an riga an yi wa Abdullahi ɗan Abbas ita, Allah ya ƙara masa yarda. Wani mutum ya zo masa ya ce shi da aikin hannunsa yake ci, kuma surori yake yi. Ɗan Abbas ya ce ba zai faɗa masa komai ba sai abin da ya ji daga bakin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam: wanda ya suranta sura, Allah zai azabtar da shi har sai ya busa mata rai, kuma ba zai taɓa iya busawa ba. Mutumin ya ja wani dogon numfashi, fuskarsa ta sauya launi saboda tsoro. Ɗan Abbas bai sallame shi a haka ba. Ya ce masa, kaitonka, in dai lallai sai ka yi, to ga bishiyoyin nan, da duk abin da ba shi da rai. Ka duba kuma inda Imamu Bukhari ya ajiye wannan hadisi: a Littafin Ciniki, ƙarƙashin babin sayar da surorin da ba su da rai. Ke nan ya fahimci hadisin ya halatta yin zanen, ya kuma halatta cin kuɗinsa.

Ina so wanda ya yi maka nasihar nan ya ji wannan, domin na san da kyakkyawar niyya ya yi. Sahabin da ya ji hanin da kunnensa, da ya ga mai sana'a ya firgita, sai ya nuna masa ƙofar da take buɗe. Mutum ya baro gida saboda yaƙi, yana ciyar da uwa da gumin hannunsa, bai kamata a gaya masa rabin hukunci a bar shi ya rasa barci ba.

Akwai wanda ya saɓa, kuma amana ce in ambace shi. An ruwaito cewa Mujahid, malamin tafsirin Makka kuma almajirin Ɗan Abbas, ya ƙi a zana bishiya mai 'ya'ya. An kafa masa hujja da hadisin ƙudusi inda Allah yake cewa wa ya fi zalunci kamar wanda ya tafi yana halitta irin halittata, to su halicci ƙwayar zarra, ko ƙwayar hatsi, ko ta sha'ir. Da za a bi wannan ra'ayi da mangwaronka da ayabarka sun shiga ciki. Amma Alƙali Iyad ya ce babu wanda ya faɗi haka in ban da Mujahid, kuma Imamu Nawawi ya kawo maganar tasa a sharhin Muslim. Jumhur, wato mafi yawan malamai, sun ɗauki ambaton ƙwayar hatsi a matsayin ƙalubale da nuna gazawar bawa. Sun kuma ƙarfafa da hadisin Abu Huraira da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, inda Jibrilu ya ƙi shiga ɗaki saboda wani mutum-mutumi, ya ce a yanke kansa ya koma kamar siffar bishiya. Da siffar bishiya abin ƙi ce, da ba a mayar da ita mafita ba. Aikin Musulmi na farko ma a kan haka ya gudana: masallacin Dimashƙa da Walid ɗan Abdulmalik ya gina tsakanin 706 da 715 Miladiyya, an ƙawata bangonsa da surar koguna da bishiyoyi da gidaje, babu mutum babu dabba a ciki, kuma har yau wani sashe nasa yana nan.

Na ƙara maka da cewa idon da ke tsayawa ya bambance koren ganyen mangwaro sabon tofo da koren tsohon ganye, ido ne da Alƙur'ani ya kira shi ya duba. A aya ta 27 ta Suratu Faɗir Allah ya ambaci 'ya'yan itatuwa masu launi daban-daban, da hanyoyi a jikin duwatsu farare da jajaye masu saɓanin launi, da baƙaƙe wuluk. Idan kana haɗa fenti kana jin kai mai kwaikwayo ne mai rauni a gaban aikin Mahalicci, to zuciyarka tana inda ya dace. Abin tsoro shi ne mai zane ya ji a ransa yana gasa da halittar Allah.

Maganar masunci da shanu da balbela kuwa, a nan ne saɓani na gaskiya yake. Malikiyya, mazhabar da iyayenmu suka taso a kai daga ƙasar Hausa har Sinnar, sun ce abin da yake haram shi ne surar mai rai idan tana da jiki mai inuwa, gaɓoɓinta cikakku, kamar gunki. Wadda aka zana a shimfiɗe kan takarda ko ƙyalle ko bango makaruhi ce idan an ɗaukaka ta, in kuwa a abin takawa ne ko matashi to barinta ya fi. Suna kafa hujja da togaciyar da ta zo a hadisin Abu Ɗalha, wato sai dai zane a jikin tufa. Jumhur, Shafi'iyya da Hanbaliyya da Hanafiyya, sun haramta zana mai rai ko da inuwa ko babu, saboda labulen Nana A'isha mai surori wanda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yage, alhali labule ba shi da inuwa. Wannan shi ne fatawar manyan malaman ƙasar da kake zaune, irin su Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin, Allah ya ji ƙansu.

Abin da nake ba ka fatawa da shi: kada ka zana mutum ko dabba ko tsuntsu da cikakkiyar kama. Zanenka a bangon falo ake rataye shi, wurin girmamawa, don haka ko a wurin Malikiyya bai fita daga karhanci ba, a wurin sauran kuwa haram ne mai tsananin narko. Ban ga dalilin da zai sa ka jefa sana'a mai tsabta cikin wannan ba saboda riyal kaɗan da za a ƙara maka. Wanda ya ce yana son masunci, zana masa kwalekwalen a ɗaure a gindin bagaruwa, taru a shanye a gefensa. Idan wurin yana neman alamar mai rai don a gane girman bishiya ko nisan gaɓa, babu laifi ka sa wani duhu can nesa wanda ba ido ba hanci ba baki, ko tsuntsayen da ba su wuce jan buroshi biyu a sama ba. Ibn Usaimin da kansa ya bayyana cewa abin da kamannin fuskarsa ba su fito ba, ba cikakkiyar sura ba ce. Masu rai da ka riga ka zana suna hannunka, ka shafe kan gaba ɗaya da fenti, ka mayar da wurin ganye ko inuwa. Jan layi a wuya ba ya wadatarwa, tunda kan yana nan ana ganinsa. Waɗanda suka riga suka fita hannunka kafin ka sani, ka nemi gafarar Allah ka wuce, kada shaiɗan ya zaunar da kai a kansu.

Buroshi: abin da ka ji gaskiya ne, da yawa daga masu taurin nan farare na fentin mai gashin alade ne. A Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, Shaihu Khalil ya lissafa gashi cikin abubuwa masu tsarki, ya ce ko da na alade ne, in dai yanke shi aka yi. In tuge shi aka yi, gindin da ya fito daga fata najasa ne. Ibn Taimiyya ma ya rinjayar da tsarkin gashi. Shafi'iyya da mashhurin Hanbaliyya najasa suke ganinsa. Saboda haka aikinka na baya babu komai a kansa, ba sai ka ƙona ko ka zubar ba. Amma tunda na nailan sun wadata a shagunan kayan zane kuma suna aiki, ka koma kansu, ka huta da saɓani.

Inda nake so ka fi sa hankali shi ne alwala, domin wannan kullum sau biyar take zuwa maka. Fentin mai idan ya bushe a fata yakan zama ɓawo, ruwa ya bi ta kansa ya wuce bai taɓa fatar ba. Wannan shamaki ne, wajibi ne a cire shi kafin alwala da wanka. Muslim ya ruwaito daga Umar cewa wani mutum ya yi alwala ya bar wuri kamar girman farce a ƙafarsa, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ya koma ya kyautata alwalarsa. Ka bambance tsakanin ɓawo da launi. Abin da za ka iya kankarewa da farce ya ɓantalo, shi ne shamaki. Shuɗi ko kore da ya rage a layukan tafin hannu bayan ka wanke, wanda ka shafa ba ka ji tudunsa ba, hukuncinsa hukuncin lalle ne, ba ya hana komai. Ka riƙa duba gefen farce, da tsakanin yatsu, da gefen hannun da kake jinginawa a jikin ƙyalle, da gwiwar hannu, nan ne yake ɓuya. Man girki kaɗan ka murza sannan ka bi da sabulu yana fitar da shi, ya kuma fi tina, ruwan tsinka fenti, ko kananzir sauƙi ga fata. Safar hannu ta roba ta fi duka.

Idan ka idar da salla sannan ka ga ɗan ɗigo wanda ka duba ba ka gan shi ba, malaman Malikiyya sun yi rangwame ga marubuci da tawadar da ta daskare a hannunsa, in bayan salla ya gan ta kuma ya cuɗa wurin da ruwa, saboda wahalar kiyayewa. Ina ganin mai sana'ar fenti yana shiga wannan rangwame a ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In kuwa wuri ne mai faɗi, lam'a ce, wato wurin da ruwa bai taɓa ba: ka cire fentin, ka wanke wurin da niyya, ka rama sallar. Wanda ka gani kafin salla kuma kana iya cirewa, babu rangwame a kansa. Kada kuma ka bari wannan ya zame maka waswasi har ka riƙa sake alwala sau uku. Dubawa ɗaya da kyau ta isa.

Ba ka da uzurin jinkirta salla saboda aiki. Ka fi ni sanin cewa fentin mai yakan kwana biyu ko fiye yana ɗanye, in ka ajiye buroshi ka amsa kiran salla za ka dawo ka tarar da hadarinka bai bushe ba. Ka kuma gaya wa masu saye kada su rataya zanen a bangon alƙibla na wurin da suke salla, ko da bishiya ce kawai. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya mayar wa Abu Jahm da wata riga mai ado saboda ta ɗauke masa hankali a salla.

A wajen ciniki, in an ba ka aiki ku yanke girman ƙyalle da farashi da lokacin karɓa tun farko. In daga hoton wani ko zanen wani ka kwafa, ka nemi izininsa ka kuma faɗa wa mai saye. Wanda injin ɗab'i ya buga kada a sayar da shi da sunan aikin hannu.

Allah ya sa albarka a sana'arka, ya ba mahaifiyarka lafiya, ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Allah ne mafi sani.