Yaya yara ke tseren babur ba birki?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga bidiyon samari suna tsere a filin ƙasa, aka ce maka baburansu ba su da birki, kana tambaya ko ƙarya ce. Gaskiya ce. Wannan wasan sunansa speedway, kuma babur ɗinsa giya ɗaya ce tak, man methanol yake sha.

To, ta ina ake rage gudu? A kwana. Mahayi yana isowa sai ya karkatar da babur, tayar baya ta zame gefe tana watsa ƙasa, shi kuwa ya sauke ƙafar hagu yana jan ta. A ƙasan takalmin akwai faranti na ƙarfe, don kada tafin ya cinye. Wannan zamewar ita ce birkinsa. Wanda ya tsorata ya saki totur da wuri, sai dai ya sha ƙurar abokansa.

Mutum huɗu ne a kowane zagaye na gasa, su kewaya fili sau huɗu, abin bai fi minti ɗaya da ɗan kai ba. Na farko maki 3, sai 2, sai 1, na ƙarshe ya tashi hannu rabbana.

Hukumar FIM, mai kula da wasannin babur ta duniya, ce ke shirya gasar matasa: SGP2 na 'yan ƙasa da shekara 21 a kan injin 500cc, SGP3 kuma na ƙananan yara da 250cc. 'Yan Poland sun fi kowa, ni dai ban yi mamaki ba, can wasan ya zama kamar ƙwallo. Ɗan ƙasarsu Mateusz Cierniak ya lashe SGP2 a 2022 da 2023.